Gurjin Goggo da Ruwan Kwata

Ban taɓa zaton zan ji ƙyamar abin da na shekara biyu ina taunawa da bakina ba, sai da Allah ya ja kwanana na gani. Likita ne ya fara jawo mini. Da ciwon suga ya kama ni, ya zauna ya lissafa mini abubuwan da zan bari, har ya kusa ƙarar da duk abin da ke da daɗi a duniya, sannan ya ce in riƙi kokwamba safe da yamma. Na kuwa riƙe ta kamar wuridi. Kullum sai an sayo mini a bakin titi, manya-manya, miƙaƙƙu, suna ƙyalli kamar an shafe su da mai. Ba ƙanshi, ba ɗanɗano, ruwa ne kawai a cikin koriyar fata. Na ce ai magani ba a neman daɗinsa.

Wata rana ina dawowa daga gaisuwar rasuwa a Tukur-Tukur, keke napep ɗin da na hau ya mutu a kan wata 'yar gada. Mai keken ya ce in sauka ya duba. Ina jingina da ƙarfen gadar wari ya daki hancina, irin warin da ke bin maƙogwaro ya zauna. Na leƙa ƙasa. Ruwa ne baƙi ƙirin, mai kauri, kumfa na yawo a kansa, ga ledoji, ga famfas ɗin jarirai sun sha ruwa sun kumbura, ga mushen kare ƙafafu a sama. A gefe injin ban-ruwa na ta ruri, bakin tiyo ɗaya a cikin wannan ƙazanta, ɗaya bakin a cikin wani lambu kore shar. Wani magidanci na tsugune da kwando, yana tsoma kokwamba ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan, yana goge ta da tsumma har ta yi sheƙi.

Na ce, “Bawan Allah, wannan da kake wankewa ta dabbobi ce?”

Ya yi dariya. “Haba Hajiya, wace dabba za a ba wannan? Ta kasuwa ce. Gobe da safe tana bakin titi.”

“Ba ka jin tsoron Allah? Ka ga abin da ke cikin ruwan nan kuwa?”

“Na fi ki gani, ni nake wuni a cikinsa. Amma ai daga gidajenku yake gangarowa. Ba ni na yi shi ba, aiko mini aka yi.”

“To kai kana ci?”

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. “Ni? Allah ya sawwaƙe. Ko 'ya'yana ban yarda su taɓa ba.”

Ban san lokacin da amai ya taho ba. Na durƙusa a kan gadar nan, da tsufana da mayafina, na yi ta yi har sai da mai keken ya miƙo mini ruwan leda.

Tun da mai gidana ya rasu na dawo gidan mahaifinmu a Ƙofar Jatau, ina zaune a ɗaki ɗaya, ɗan ƙanena da matarsa da 'ya'yansu suna riƙe da sauran, tare da 'yan haya. Da na isa gida ranar nan na ba su labari, ina tsammanin za su riƙe baki. Matar ɗan nawa ta ce, “Ai Hajiya da gishiri ake wankewa, shi ke nan.” Ta ci gaba da latsa wayarta. Nan na yanke cewa in dai zan sake cin kokwamba, to sai wadda na shuka da hannuna. Washegari na ari fartanya na nufi ɗan tsirin ƙasar da ya rage a bayan ɗakina, wanda siminti bai kai gare shi ba. Sara na farko, leda. Na biyu, leda da mataccen batir. Na uku, fasasshiyar kwalba da tsohon silifas da wani abu mai yauƙi da ban tsaya gane ko mene ne ba. Na haƙa har kusan gwiwa ban tarar da ƙasar kirki ba, babu ko tana guda ɗaya. Na zauna a kan turmi ina haki, hawaye suka zubo, don daidai wurin nan ne garkar Goggo take a da.

Goggo yayar mahaifinmu ce. Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, ta dawo gida, kamar dai yadda ni ma na dawo. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kuma ko Malam, mahaifinmu, da manyan mutane ke durƙusa masa a zaure suna ɗaukar karatu, in ta ce “kai” sai ya ce “na'am, Yaya.” A lokacin bayan gidanmu fili ne har kusa da ganuwa. Akwai rijiya a kusurwa ɗaya, akwai bishiyar lemun tsami, sannan garkarta, ɗan lambu da ta kewaye da dangar kara. Da asuba abin da ke tashe mu shi ne ƙarar guga na dukan bakin rijiya, sai kukan tattabaru, sai sautin daka daga gida zuwa gida kamar matan unguwa na amsa wa juna. In rana ta ɗaga ka ji mabuga suna dukan shuni daga nesa, ka ji muryar Malam yana jan baƙi ana bin sa. A cikin garka kuwa ƙudan zuma ne ke ta guna a kan furanni. Yanzu abin da ke tashe ni janaretan maƙwabci ne da hon ɗin babura, kuma rabon da in ga ƙudan zuma a gidan nan har na manta. Ƙudan da muke da shi yanzu kore ne, mai zama a kan abin da ba a faɗa.

A wancan zamanin ba mu san kalmar kokwamba ba, gurji muke cewa. Amma gurjin Goggo ba irin ƙananan nan na gona ba ne. Dogo ne kamar tsawon tafin hannu da rabi, da ratsin fari a jikinsa, in aka karya shi a wannan ɗaki sai a ji ƙanshinsa a wancan. A yanka shi a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan barkono, wallahi ko nama ba ka nema. Ta ce daga hannun kakarta irin ya fito, kuma babu wanda ke da shi a birni sai ita, don duk wadda ta ba sai ta cinye 'ya'yan tun suna ɗanyu ta manta da ajiye na iri.

Ita kam ba ta mantawa. Kowace shekara sai ta zaɓi guda biyu mafi kyau ta ɗaura musu jan zare, wanda duk ya taɓa su ya shiga uku. Tana barinsu a jikin yaɗo har su tsufa su koma rawaya, fatarsu ta yi tauri. Sai ta tsaga su ta kwashe 'ya'yan da yauƙinsu cikin ƙwarya, ta rufe kwana biyu ko uku har su yi tsami, sannan ta zuba ruwa ta dama. Waɗanda suka taso sama ta zubar, ta ce, “Iri kamar mutum yake, mara nauyi shi ke hawa sama.” Waɗanda suka nutse ta shanya a faifai cikin inuwa, ba ta yarda rana ta gan su ba. In sun bushe ta cuɗa su da toka ta zuba a gora, ta toshe da tsumma, ta rataye a ɗakinta. Ranar shuka ta jiƙa su tun jiya, ta sa mu kwaso busasshen kashin awaki mu farfasa mu gauraya da ƙasa, ta huda rami da yatsa iyakar gaɓa ɗaya, ta sa uku-uku. In sun tsiro ta cire mai rauni ta bar biyu. Ita ta nuna mini furen da zai haihu, wanda ke da ɗan mitsitsin gurji a bayansa, da wanda zai kaɗe a banza. Ita ta koya mini barbaɗa toka a ganye da sassafe don jajayen ƙwari, da zuba ruwa a gindi ban da kan ganye. Kuma ba ta yarda a tsallake ban-ruwa ko sau ɗaya ba, ta ce shuka ba ta da baki amma tana da ƙorafi, a ɗacin ɗanta take faɗa.

Shekarar da na fara cika azumi, azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi kamar a toya ƙwai a dandamali. Kafin nan ɓera ya huda goran Goggo ya cinye kusan duk irin. Abin da ta tsince bai cika cokali ba, ta shuka shi duka, ba ta rage ko ƙwaya ba. Sun fara yaɗo ke nan aka aiko cewa 'yarta ta haihu a Tukur-Tukur, dole ta je ta yi mata wankan jego. Ta kira ni har cikin garka.

“Ke ce babba a 'yan matan gidan nan. Guga goma da safe, guga goma bayan la'asar. Irin da ya rage mini a duniya ke nan, kin ji ko?”

Na ce na ji.

Kwanakin farko na yi da gaskiya. Amma rijiya ta ja baya saboda zafi, igiya sai ta ƙare tas kafin guga ya taɓa ruwa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, in na kama igiyar kamar na kama wuta. Ga ƙishirwa, ga ruwa mai sanyi a gabana ba damar sha. Wata la'asar ina zaune a gindin danga ina kuka, sai idona ya faɗa kan kwatar gidanmu. Daga makewayi take fitowa, ta bi ta bayan dangar ta fice waje. Ruwan wankan mutanen gida duka a cikinta yake, da fitsari, da wankin tsumman jarirai, da duk abin da kuka sani. Taku biyu ne tsakaninta da gurjin. Na ɗauko dutse na toshe ta, na sa tsinke na ja 'yar hanya ta ƙarƙashin danga, na rufe da busasshen ganye. Ruwan ya bi kunya-kunya ya shiga shi kaɗai, ni ina zaune a inuwa.

Daren farko ban ci abincin kirki ba don tsoro. Bayan kwana uku tsoron ya tafi. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne har daɗi na riƙa ji, ina ganin na fi kowa wayo. Don gurjin kuwa ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Ganye faffaɗa kamar faifai, yaɗo ya haye danga ya leƙa waje, 'ya'ya suka yi ta sauka manya-manya. Matan gida suna cewa yarinyar nan hannunta da albarka. Don kada a gane, safe da yamma nakan je in buga guga a bakin rijiya a ji ƙara, in ɗebi ɗaya in zagaya da shi. Ana jibi Goggo za ta dawo na buɗe kwatar, na cike 'yar hanyar, na barbaɗe wurin da toka mai yawa.

Ta dawo saura kwana huɗu Sallah. Ta tsaya a bakin garka ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa kaina ta ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ban taɓa jin ta faɗa mini haka ba. Ta ɗaura jan zare a kan guda biyu, ta tsinke sauran da suka isa, ta kasa kashi shida, don al'adarta ce 'ya'yan fari ba a cinye su a gida, maƙwabta ake fara kai wa. Ni na kai da kaina, gida-gida, ina cewa in ji Goggo a yi buɗa-baki.

Ana gobe jajibere, bayan la'asar, ta kwaɓa lalle ta tara mu za ta yi mana ƙunshi. Da aka zo kaina na miƙa hannu. Ta riƙe shi za ta shafa, sai ta tsaya. Ta bi tafin da babban yatsanta a hankali, ta juya ɗayan ta shafa. Sun warke sumul, laushi kamar na jariri.

“Wa ke ja miki ruwa?”

“Ni ce, Goggo.”

“Guga ashirin kullum, wata guda da kwanaki, da wannan hannun?”

Ta ajiye ƙwaryar lallen ta miƙe, ta ja ni har garka. Ta tsuguna ta tura hannu cikin ƙasar gindin yaɗo ta damƙo. A ƙarƙashin tokar ƙasar baƙa ce, mai santsi. Ta kai hanci. Har yau ina ganin yadda fuskarta ta yi. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta je ta wanke hannu sau uku da toka, ta aika a kira Malam daga zaure.

Malam ya saurara har ƙarshe, ya dube ni, ya girgiza kai. Sannan ya ce, “Yaya, yarinya ta yi laifi, za a hore ta. Amma abin da aka shayar da irin wannan ruwa, in ya tsiro ya yi 'ya'ya, malamai ba su haramta shi ba. A wanke a ci.”

Ta ce, “Ban kira ka don ka gaya mini halal ko haram ba. Mutanen da na aika wa, da sunana suka ci. Sun san ni, shi ya sa ba su tambaya ba. Karatunka ya ce a ciyar da mutum abin da in ya sani ba zai ci ba?”

Ya ce bai ce ba.

“To a tuge.”

“Ko biyun nan masu zare a bari, Yaya. Iri ne, ba ci za a yi ba. In kika tuge su kin rabu da shi ke nan.”

“Na sani. In bar shi, kowace shekara in tsaga ina tuna abin da ya sha? Ba da ni ba.”

Ni ta sa na tuge, da hannuna, ina azumi, tana tsaye. Yaɗo bayan yaɗo, da furanninsu da ƙananan 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Da na zo kan masu jan zare na dube ta ko za ta ce in bari. Ta kau da kai. Na tattara duka na kai juji, ko awaki ba ta yarda a ba su ba.

Na ɗauka an gama. Washegari da hantsi ta ce in yafa gyale, in koma gidajen nan shida, in tsaya a tsakar gida in faɗa da bakina: gurjin da na kawo muku da ruwan kwata na shayar da shi, Goggo ba ta sani ba, ku yafe mini. Na faɗi ina birgima ina roƙonta. Ta ce ƙafar da ta kai ita za ta koma.

A gida na farko matar gidan ta tofar da yawu a gabana ta ce tir, ta shiga ɗaki. A na biyu dariya suka yi har da riƙe ciki, wata ta ce ai shi ya sa ya yi ƙiba. Dariyar nan ta fi tofin ciwo. Sauran ban ma tuna yadda na fita ba. Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ce da muke kira Iya, ta daɗe a kwance, cikinta ba ya riƙe komai. Na tarar da ita a kan tabarma, ga sauran gurjin guda ɗaya a cikin ƙoƙo an rufe da faifai, ana lallaɓa mata shi. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Sai ta ce wa jikarta ta ɗauke ƙoƙon.

“Na yafe miki, 'yar nan. Amma kwana uku ke nan shi kaɗai ke zama a cikina. Yanzu kuma ba zan iya ba.”

Na fito ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Sallar nan ban fita ko ƙofar gida ba, kuma hannuna fari fat, don lallen ya bushe a ƙwarya ba wanda ya sake waiwayarsa.

Irin kuwa ya tafi. An bi gidajen da aka kai wa ko za a samu 'ya'ya, amma ɗanyen gurji ba ya ba da iri. Shekara ta zagayo Goggo ta karɓo na wasu ta shuka, ya fito ƙanana masu ɗaci-ɗaci, ta ɗanɗana ɗaya ta ajiye. Daga nan sai yakuwa da kuɓewa take sawa a garkar har ta rasu. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Ni ce na daɗe ina jin haushinta a ɓoye, ina cewa taurin kai ne, don me za a kashe abin kaka da kakanni saboda wautar yarinya? Har yanzu wani lokaci ina ganin da ta bar biyun nan. Amma tun daga ranar ban sake iya miƙa wa mutum abinci ina ɓoye masa wani abu a kansa ba, ko da gishiri ne ya yi yawa sai na faɗa.

Kada kuma in wanke kaina in bar zamani da laifi, don da ni aka lalata wurin nan. Bayan rasuwar Malam aka raba gida. Lokacin an jawo famfo, rijiya ba mai kula ta. Ƙanena ya tashi gina ɗakunan haya a filin baya, magini ya ce masa me zai sa a wahala haƙa ramin masai ga rami mai zurfi a shirye. Ƙanen nawa ya zo har gidan aurena ya tambaye ni, a matsayina na babba. Ina tsakiyar hidimar 'ya'ya, na ce ku yi yadda kuka gani. Kalma biyar. Aka jona bututun bayan gida a rijiyar da muka sha, muka yi alwala, aka wanke gawar iyayenmu da ruwanta, aka rufe bakinta da siminti. Ba a yi shekara nawa ba famfon ya ƙafe, har yau sai tari yake yi. Yanzu 'yan garuwa muke jira, ba mu san ma inda suke ɗebowa ba. Kusan kowane gida a layinmu abin da aka yi ke nan. In damina ta sauka, duk abin da muka tura ƙasa sai ya taso ya biyo lungu, yara na wasa a ciki ba takalmi, manya na tsallakawa da manyan riguna suna gaisawa kamar ba sa jin komai. An saba. Wannan sabon shi ya fi warin tayar mini da zuciya.

Duk da haka ban fasa shukar ba. Na roƙi wani ɗan'uwanmu mai gona a bayan gari ya kawo mini ƙasa buhu huɗu da busasshen kashin awaki. Na huda gindin buhunan na jera su a kan bulo a ƙofar ɗakina, don kada su taɓa ƙasar gidan. Ɗan ƙanena ya sayo mini iri a shago, cikin 'yar takarda mai ƙyalli da rubutun da ba mu iya karantawa. Na zazzage a hannu, sai ga su ja-ja-ja kamar an tsoma su a janbaki. Ya ce magani ne, in wanke hannu kafin in ci abinci, kuma mai shagon ya ce kada in wahalar da kaina ajiye iri, 'ya'yansa ba sa fitowa kamarsa, in na ƙare in dawo in sayi wani. Na ce yau ga iri da ba ya gadon uwarsa. Na dai shuka, uku-uku. Ruwan da nake saya don sha shi nake raba musu. Da suka yi fure na jira ƙudan zuma shiru, 'ya'yan suna ta kaɗewa, sai da na riƙa tsinko furen banza ina goga shi a kan mai haihuwa da hannuna, ina tsugune da ciwon gwiwa, jikoki na leƙe suna cewa Hajiya ta fara ruɗewa.

Allah ya taimake ni suka kama. Ba su yi girma ba, wasu ma a lanƙwashe, amma da na karya ɗaya akwai ɗan ƙanshi, kuma na san abin da ta sha tun daga ranar farko. Na zaɓi huɗu mafi kyau na wanke, na sa a faranti, na kai wa matar ɗan ƙanena da kaina. Ta karɓa da yatsa biyu tana jujjuyawa.

“Hajiya, waɗannan ne na cikin buhun nan?”

“Su ne. A yanka wa yara.”

“Ba da kashin awaki kika shuka su ba? Na ga lokacin da kike farfasawa da hannu.” Ta yamutsa fuska. “Gaskiya ni ina da ƙyanƙyami, kuma yaran nan cikinsu ba shi da ƙwari. Amma an gode, Allah ya ƙara lafiya.”

Na juyo. Ban kai ɗakina ba na ji ƙarar faranti. Na waiwaya, sai na ga ta juye su gaban ragon layyar da mijinta ya ɗaure a gindin tanki. Ragon ya sunsuna, ya ɗauki ɗaya ya gurgura, ya bi sauran ya cinye tas, sannan ya ɗago yana kallona yana neman ƙari.

Tun daga ranar, in na tsinko, kashi biyu nake yi, nawa da nasa. Na jawo kujera kusa da shi mu ci tare, ba mai ce wa wani komai. Babbar Sallah saura mako uku. Bayan nan sai dai in ci ni kaɗai.